Furen Riƙe-Gaɓa

"Ni fa ban ga wani fure ba," in ji Ladingo, hannunta a kan baki kamar amaryar jiya.

"Ba ki gani ba?" in ji mijinta Nomau. "Itacen da na tsoma a randa jiya, da fure biyar na tsoma shi. Yanzu ga shi tsirara. Akuya ce ta buɗe randar ta ci, ta mayar da murfi?"

"Sai ka tambayi akuyar."

"Ladingo, sauke hannun nan."

"Malam, yau ba ka da aikin yi ne? Ni yinin suna zan tafi gidan Delu, ka tsare ni da zancen ganye."

Nomau mai haƙar rijiya ne, shekararsa ashirin da shida da matar nan bai taɓa ɗaga mata yatsa ba. Amma ran nan sai ya kama wuyan hannunta ya janye. Haƙoranta suka bayyana. Ba ja suka yi ba irin na mai cin fure da goro, shuɗi suka yi mai duhu, kamar zanen da aka tsamo daga marina, suna ta ƙyalli. Nomau ya saki hannun, ya sulale ya zauna a ƙasa daɓas.

"Shi ke nan, kin kashe ni," ya ce.

Duk Gangaren Marke an san Ladingo da abu biyu, haƙora da baki. Haƙora jere reras, ga wushirya a tsakiya, ba ta fita unguwa sai ta goge su da furen taba sun yi jawur. Bakin kuwa, Allah na tuba, in kika gaya mata magana da safe, kafin azahar za ta dawo miki da ƙari. To kasuwa biyu ke nan mai fure ba ta zo ba, ga suna ya taso. Da safe ta buɗe randa za ta ɗebi ruwa, sai ta ga wani ɗan itace, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, ganyensa kauri-kauri launin toka, a kansa fure biyar masu laushi sai ƙamshi. Ta ce Allah ya kawo sauƙi. Ta tsinke, ta murza su tas a haƙora.

"Kashe ka kamar yaya?" ta ce.

Ya ce, "Rijiyar da nake haƙa a bayan dangarmu, jiya da la'asar na kai gaba talatin da biyu, dagina ya zurma. Ƙasa ta ɓurme da ni, na faɗa wata duniya. Ina gangarawa a kan tudun rairayi zuwa wani ruwa marar iyaka, na kai hannu na cafki itacen nan, ya tuge. Masu wurin suka kewaye ni. Suka ce sunansa riƙe-gaɓa, saiwarsa ce ke ɗaure ƙasarsu, furensa ne ke sa ruwan barci. Suka ce ba zai sake kamawa ba sai ya kwana cikin ruwan daɗi irin namu. In mayar da shi da hantsi, da furensa biyar cif. In babu, ni zan tsaya a raminsa."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"In gaya miki? Da kafin a ci tuwo an ji a ƙauye bakwai!"

"Au, ni ce ma mai laifin? Wa ya taɓa ɓoye abu a randa, wurin da mace ke buɗewa sau goma a..."

Ba ta ƙarasa ba. Wani farin rairayi ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙyaure, yana malala kamar kunu, alhali ko iska ba a yi. Wari ya cika ɗakin, warin gishiri da ɗanyen kifi. Rairayin ya wuce ta gefen ƙafarta bai taɓa ta ba, ya je ya naɗe ƙafafun Nomau. Ƙyaure ya buɗe da kansa. Ido na ganin ido, kaji na tono a tsakar gida, aka ja mutum a ƙasa kamar buhu. Ya kama turmi, turmi ya faɗi. Ya kama danga, danga ta karye. Ladingo na ihu tana bi, ta kama bakin rigarsa, rigar ta yage a hannunta. Sai ƙafafunsa suka shige rijiya, sai ƙirji, sai kai. Ko ƙarar faɗuwa ba ta ji ba.

Ta tsaya tana leƙe. Can ƙasa akwai wani ɗan haske kamar ƙwayar gero. Ta yi niyyar kiran maƙwabta, sai ta tuna kafin a gama tambayarta yaya aka yi, hantsi ya wuce. Ta koma ɗaki da gudu, ta ɗauko itacen ta goya shi a baya kamar jariri, ta ɗaura majanyi. Matar da ko tsani ba ta taɓa hawa ba ta kama igiya, ta zura ƙafa cikin ramukan da mijinta ya sassaƙa a jikin rijiyar.

Ta wuce jar ƙasa, ta wuce marmara, ta wuce yumɓu mai sanyi. Bakin rijiyar ya koma kamar faifai, ya koma kamar zobe. Tafin hannunta ya saɓule. Tana karanta duk abin da ta iya, wanda ba shi da yawa, tana maimaitawa. Igiya ta ƙare, ƙafarta ta nemi rami ta rasa. Ta rufe ido ta saki.

A kan rairayi ta faɗo. Sama fara fat, babu rana babu gajimare, amma ko'ina haske. Tuddan rairayi jere har iyakar gani, kowanne ya fi kuka tsawo. Daga nesa kuma ana wani irin nishi, a ja a saki, a ja a saki, kamar numfashin wani ƙaton abu da ke barci bai ji daɗin barcin ba.

Rairayin gabanta ya tsage. Wata ƙaguwa ta fito, girmanta ya kai turmin daka, idanunta a kan tsinke biyu suna juyawa.

"Ya ke 'yar saman ƙasa," in ji ƙaguwar, "wa ya kira ki ƙasar da ba a kiran kowa?"

Ladingo ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, maigidana aka kawo. Na biyo sawu."

Da ta buɗe baki ƙaguwar ta ja da baya, idanunta suka miƙe tsaye. "Ashe ke ce. Tun da aka kafa gaɓar nan ba a taɓa cin furen riƙe-gaɓa ba sai yau. Ba ni da ikon hukunta ki, ba ni da ikon taimakonki, sai dai in faɗa miki hanya, don aikina ke nan. Gabanki akwai Filin Raɗa. Duk abin da za ki ji a can, kada ki tsaya. Bayansa akwai Kurmin Riƙo. Kada jikinki ya taɓa ganye ko ɗaya. Bayansa akwai Magajiyar Gaɓa. Kada ki yi mata ƙarya."

Ta koma cikin rairayi kamar ba ta taɓa fitowa ba.

Filin Raɗa shimfiɗe yake da katantanwa, dubu bisa dubu, farare, bakinsu a sama. Ladingo na sa ƙafa suka soma magana ƙasa-ƙasa, da muryoyin da ta sani. Ga muryar mai unguwa yana gaya wa matarsa inda ya ɓoye hatsin da ya ce gara ta cinye. Ga muryar Kande mai koko tana faɗin abin da take zubawa don ya yi kauri. Ladingo ta toshe kunne tana sauri, amma dai ta bar 'yar kafa tsakanin yatsu, kun san hali. Sai ta ji muryar Delu, aminiyarta ta ƙut da ƙut, wadda yau ake suna a gidanta.

"Ai Ladingo, ni na san abin da ya sa ba ta zuwa garinsu. Bari in gaya miki, amma kada ki gaya wa kowa..."

Ladingo ta tsaya cak. "Iye? Faɗi mana, munafuka!"

Ƙasa ta haɗiye ta har gwiwa. Katantanwar da ke kewaye suka yi shiru gaba ɗaya, suka juyo da bakinsu wajenta. Sai a lokacin ta lura da abin da ta ɗauka duwatsu ne a cikin filin. Ƙoƙunan kai ne, kowanne ya karkata gefe guda, kamar mai kasa kunne. Rairayi ya kai mata cinya. Ta ƙwala ihu, ta kama waƙar daka da ƙarfi don kada ta ji komai, ta kifa ciki tana ja da hannu tana rarrafe. Takalmanta suka tsaya a can. Ta fita filin tana haki, har yau kuma ba ta san abin da Delu ta ce ba, abin yana cinta.

Kurmin Riƙo ya soma daga nan har bakin gaɓa. Riƙe-gaɓa ne ko'ina, wasu iya gwiwa, wasu iya ƙugu, duk sun sunkuya gefe guda saboda iska, furanni shuɗi cunkus a kansu, saiwoyinsu sun saƙa rairayin kamar tabarma. Hanyar da ke ciki ba ta fi tafin hannu biyu faɗi ba. Ladingo kuwa, ba gulma ba, Allah ya hore mata jiki. Ta tattare zaninta ta cusa tsakanin cinyoyi, ta shanye ciki, ta bi hanyar a karkace irin tafiyar ƙaguwa. Duk furen da ta wuce sai ya juyo ya bi ta da kallo. Iska ta kaɗa, bakin ɗankwalinta ya nufi wani reshe. Ta fizge shi ta cusa a baki. Haka ta yi ta tafiya, gumi na shiga mata ido ba damar sharewa, nishin nan kuwa sai ƙara kusantowa yake yi, yanzu har da gurnani a ciki.

Da ta fito sai ta ga ruwan. Ita da ba ta taɓa ganin abin da ya wuce tafkin damina ba, ta tsaya tana salati. Ruwa baƙi ƙirin, ba shi da iyaka, yana tasowa kamar bango ya doki gindin gaɓa, ƙasa ta girgiza, ya ja da baya yana tattara ƙarfi. Gaɓar doguwa ce, riƙe-gaɓa sun jeru a bakinta kamar danga, sai wuri guda da ke da giɓi. Ta giɓin nan ƙasa ke zubewa cikin ruwa, guntu-guntu. A tsakiyar giɓin ga Nomau, an dasa shi har ƙirji, hannuwansa a shimfiɗe, gishiri ya yi masa fari a gemu.

"Malam!"

Ya juyo da ƙyar. "Ladingo, koma. Ba na jin ƙafafuna."

Masu wurin na tsaye a kewaye, dogaye sirara kamar karan dawa, fatarsu launin toka, idanunsu ba sa ƙiftawa. Suka dare gida biyu. Wata tsohuwa ta fito, gashinta fari kamar kumfar sabulu yana jan ƙasa, duk inda ta taka sai ruwa ya tsatso.

"Ni ce Magajiyar Gaɓa. Ya ke 'yar Adam, mun ba mijinki amana da fure biyar. Ina suke?"

Ladingo ta kwance goyo ta ajiye itacen a gabanta. Ƙarya ta zo mata har bakin harshe, irin mai kyau, da akuya a ciki. Ta dubi Nomau, ta haɗiye ta.

"Ranki ya daɗe, ni na ci. Shi bai sani ba. Na goge haƙora da su."

"Yunwa ce ta kama ki?"

"A'a."

"Ciwo ne, kika nemi magani?"

"A'a, ranki ya daɗe. Suna za ni." Ta sunkuyar da kai. "Don a ce sun yi kyau."

Masu wurin suka yi wani sauti kamar iska cikin kara. Magajiya ta ɗaga itacen, ya marmashe a hannunta kamar toka.

"Shekara ɗari ƙaramin nan ya yi kafin ya fitar da fure biyar. Kowane fure, ƙamshinsa na kwantar da taguwar ruwa dubu. Bayan tudun can akwai garinmu, da 'ya'yanmu a ciki. Dubi abin da kwalliyarki ta tayar."

Ruwa ya sake dukan gaɓa. Feshinsa ya rufe Nomau, ya fito yana tari. Wani ɓangaren ƙasa da ke dab da hannunsa ya ɓalle ya tafi.

"Taguwa uku gare shi, wannan ce ta farko," in ji Magajiya. "In ya yi saiwa kafin nan, zai zama itace ya riƙe mana gaɓa. In bai yi ba, ruwa ya ci. Ko ta yaya, ba naki ba ne kuma."

Ladingo ta faɗi ta kama ƙafafunta, sanyinsu kamar ƙanƙara. "Ranki ya daɗe, a dasa ni a madadinsa. Na fi shi faɗi, zan fi toshe wurin."

"Ba da ke muka yi alkawari ba. Buɗe bakinki in gani."

Ta buɗe. Magajiya ta sunkuyo, ta sa wani dogon farce tana ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

"Furen bai mutu ba. Ya shige nan. Huɗu a sama, ɗaya a ƙasa. In an dasa su za su tsiro. Amma ba ma ƙwace, sai abin da aka ba mu da baki."

Huɗun gaba, masu wushirya. Ladingo ta shafa su da harshe. Ba zan ɓoye muku ba, sai da ta yi jim. Taguwa ta biyu ta sauka, Nomau ya ɓace cikin kumfa, da ya bayyana kansa ya langaɓe.

"Na bayar! A cire!"

Ƙaguwar nan ta ɓullo daga rairayi kamar da ma jira take. Biyu daga masu wurin suka riƙe kan Ladingo. Ƙaguwa ta sa almakashin hannunta. Na farko Ladingo ta yi ƙarar da ta fi ta ruwan. Na biyu ta ga wuta. Daga na uku ba ta da sauran murya, sai jini mai shuɗi da ke bin haɓarta. Magajiya na karɓa tana cusawa a giɓin, kewaye da Nomau. Kafin ta cusa na biyar, na farko ya tsage ya fitar da ganye. Rassa suka miƙe, saiwoyi suka bazu cikin rairayi kamar yatsu, furanni suka buɗe, farare tas, ƙamshi ya tashi.

Taguwa ta uku ta riga ta taso, ta fi rumbu uku tsawo. Ladingo na kallonta ta tsaya a sama, ta yi rawa, sannan ta kwanta a hankali kamar raƙumi, ta lashi gindin gaɓa ta koma.

"Tono abinki," in ji Magajiya.

Da hannu ta tone shi. Da ta kai ga ƙafafu sai ta tarar yatsunsa sun fitar da fararen saiwoyi sirara, sun kama ƙasa. Ta riƙa tsinke su ɗaya-ɗaya, yana ihu, ita tana ba shi haƙuri da bakin da ba ya fitar da magana daidai.

"Ji sauran, 'yar Adam," in ji Magajiya. "Haƙorin mutum ba saiwar asali ba ce. Muddin biyar ɗin nan na tsaye, mijinki naki ne. Ranar da ɗaya ya faɗi babu madadi, rairayi ya san hanyar ɗakinku. Ba sai mun aiko miki ba. Za ki ji a bakinki."

Ta hura musu iska. Suka buɗe ido a bakin rijiya, kaji na nan na tono, daga gidan Delu ana jin kiɗan ƙwarya.

Ladingo ba ta je sunan ba. Aka ce faɗuwa ta yi, aka ce Nomau ne ya mare ta, aka ce haƙoran da ma na aro ne. Karo na farko a rayuwarta tana da labarin da ya fi na kowa, ta kasa ba kowa. Nomau ya warke, sai ɗingishi, kuma ko randa aka buɗe kusa da shi sai ya zabura. Ita kuwa tana jin ruwan. Tana tankaɗe, tana wanke-wanke, sai ta ji dum a dasashi, taguwa ta doki gaɓa. Ta saba har tana ƙirgawa.

Bayan wata biyu, wata ranar Laraba da hantsi, Nomau ya shigo ɗaki da ƙura a jikinsa ya tarar da ita zaune ta dafe haɓa.

"Na tara duwatsu," ya ce. "Yau zan cike rijiyar nan, kowa ya huta."

"Ba za ka cike ba."

"Rijiyarki ce?"

"Malam, haƙorin ƙasan nan da aka dasa a gaɓa yana girgiɗi. Tun jiya nake jinsa."

Ya leƙa bakinta. "Ciwon dasashi ne kawai. Ki kurkure da kanwa."

"Na san ciwon dasashi, na san wannan. Duk dukan da ruwa ya yi sai ya ƙara kwantawa."

"To shi ya sa zan toshe! In na zuba dutse gaba talatin, ta ina za su fito?"

"Rairayin da ya shigo ta ƙarƙashin ƙyaure ne dutse zai tare? Su za su fito, ni ce dai ba zan sami hanyar sauka ba." Ta miƙe tana ɗaura ɗankwali. "Na duba a madubi. Akwai na gefe guda biyu da shuɗin ya ɗan taɓa. Ko Magajiya za ta karɓi ɗaya."

"Ladingo, ba inda za ki. Na hana! Yau ɗaya, baɗi ɗaya, haka za ki ƙare baki kamar na jariri?"

"Sai in sha kunu. Kai za ka dama."

"Ke wai ba kya jin tsoro ne?"

Ta dube shi. Ta ƙulla ɗankwalin tam.

"Kamar in mutu," ta ce. "Matsa mini."

Ya tare ƙofa. Ta ture shi da kafaɗa, ɗingishi ya kai shi kan gado. Ta sunkuya ta zaro igiyar da ya ɓoye a ƙarƙashin gadon, wadda yake tsammanin ba ta san da ita ba, ta rataya a wuya.

"Tuwo na cikin kwano. In ka taɓa dutse ɗaya kafin in dawo, wallahi sai na gaya wa duk garin nan irin kukan da ka yi."

Ta fita, ta bugo ƙyauren har ƙasa ta zubo daga rufi.